Neman muryar Rafi yadda aka ɗauke ta: inda aiki ya kwana

14 Janairu 2024

Ranar 24 ga Disambar bana za a cika shekara 100 da haihuwar Mohammed Rafi, mawaƙin finafinan Indiya, ɗan ƙauyen Kotla Sultan Singh da ke kusa da Amritsar, wanda ya rasu a Bombay ranar 31 ga Yulin 1980. Na ɗaura niyyar kafin ranar in tsara abin da na tara na waƙoƙinsa, in cike giɓin da zai ciku, in kuma riƙa rubuta inda aka kwana, don kayan sun fara fin ƙarfin ƙwaƙwalwata.

Ba duka nake nema ba. Masu bin diddigi suna ƙirga masa waƙa wajen 5,000 a harsuna da dama, kuma tara wannan sai wanda ya gaji arziki. Na shata wa kaina iyaka: waƙoƙin finafinan Hindi, daga Baiju Bawra na 1952, inda mai tsara kiɗa Naushad ya fito da shi sarari, zuwa rasuwarsa. Sharaɗina ɗaya ne, waƙa ta zo yadda aka ɗauke ta a zamaninta. Ba ƙarin ganga, ba sabon kiɗa, ba wani ne ya ari muryarsa ba.

Na sayi babban littafi mai layi irin na masu shago, na tsaga kowane shafi gida-gida: sunan waƙa, fim da shekararsa, wanda ya tsara kiɗa, abin da take a kai, sannan tsawonta da minti da daƙiƙa. Wannan gida na ƙarshe shi zai fi tona asiri.

10 Fabrairu 2024

Kusan duk abin da Rafi ya rera kafin 1970 yana hannun kamfani ɗaya, Gramophone Company of India, wanda aka fi sani da HMV, mai tambarin kare yana leƙa bakin garmaho. Masana'antarsu ta kasance a Dum Dum a gefen Kalkata. Kamfanin ya sha canza suna da canza hannu, kuma wannan shi ke gaya wa mai tara kaya shekarun abin da ya riƙe ko da ba a buga shekara a jiki ba. Tsofaffin faya-fayai suna fitowa da sunan HMV ko Columbia ko Odeon ko Angel, duk 'yan gida ɗaya ne a ƙarƙashin EMI ta Ingila. A 1985 rukunin RPG ya karɓi kamfanin, don haka duk kaset ko CD mai tambarin RPG bai girmi wannan shekara ba. A 2000 aka koma kiransa Saregama.

Wajen 1970 kamfanin Polydor ya shigo kasuwar Indiya ya fara kwasar nasa rabon. Shi ya sa za ka sayi tarin da aka ce ya ƙunshi fitattun waƙoƙin Rafi, ka duba sama da ƙasa ba ka ga “Parda Hai Parda” ta Amar Akbar Anthony na 1977 ba. Ba mantuwa aka yi ba, waƙar ta wani gida ce, yanzu kuma tana hannun kamfanin Universal.

Makon nan na jera CD ɗina bisa wannan tsari. 'Yan kaɗan daga ciki an buga su a Ingila ne tun farkon fitowar CD, kuma masu tara kaya suna rububinsu saboda ba a matse sautin ba. Kunnena ya yarda da su. Akwai 'yar shuu a bayan waƙa, amma muryar tana da jiki, kana jin inda ya ja numfashi. A wasu bugun na baya an share shuu ɗin, sai aka haɗa da saman muryar aka share.

2 Maris 2024

Wani dattijo da ya taɓa riƙe shagon kaset a wajen Ƙofar Wambai, yanzu yana sayar da caja da rigar waya, ya jawo mini kwali daga ƙarƙashin teburinsa. Na ce, “Baba, nawa zan bayar?” Ya ce, “Kai dai ɗauke, ɗana, ka ba ni na goro. Yanzu ɓeraye kaɗai ke saurarensu.”

Kaset ɗin da ya shekara talatin a kwance ba a jefa shi cikin rikoda kai tsaye, taune shi za ta yi. Sai ka zura biro a ramin, ka murza a hankali daga farko har ƙarshe, ka dawo, don zaren ya saki jikinsa. Ka duba ɗan audugan nan da ke ƙarƙashin zare, wanda ke danna shi a kan rikoda. A yawancinsu gam ya bushe, audugan ya faɗa ciki yana yawo. Na kwance masu noti, na mayar da shi da ɗigon gam a tsinken ashana. Waɗanda aka liƙe ba noti sai da wuƙa, kuma ba kowanne ke rayuwa ba.

Abin da ya fito daga kwalin: fiye da rabi jhankar ne. Wannan salo ne da masu kaset a Pakistan da Indiya suka yayata a shekarun 1980 da 1990, a ɗauko tsohuwar waƙa a ɗora mata bugun ganga na inji da amsa-kuwwa, don ta yi ƙara a mota da shagon shayi. Ba su cika sharaɗina ba, amma ban zubar ba. Na ware musu kwali, domin da yawa daga cikin sa'o'ina wannan shi ne Rafin da suka tashi da shi, in ka kunna musu na asali sai su ce rikodarka ba ta da ƙarfi.

Azumi ya matso, zan ajiye aikin sai bayan salla.

20 Afrilu 2024

Zafin Afrilu ba ya raga wa faifai. Na ɗauke manyan daga jikin bangon yamma, na tsayar da su a tsaye cikin akwatin katako a ƙasan gado. Faifan da aka kwantar aka ɗora masa kaya a wannan yanayi, kantarewa yake yi.

Kawuna ya zo gaisuwar bayan salla, mutumin da ya ci zamanin gidajen silima na Plaza da Orion. Na ce, “Kawu, kun san Mohammed Rafi?” Ya ce bai san shi ba. Na kunna waƙa, kafin a gama kiɗan buɗewa ya ce, “Haba, wannan ai ta Shammi ce.” Haka abin yake a wajen mutanenmu, waƙa ta wanda aka gani a majigi ce. Rafi ya ba Dilip Kumar murya, ya ba Dev Anand, Rajendra Kumar, Dharmendra, har Rishi Kapoor da ya isa haifa, kowanne da irin lanƙwasar da ta dace da fuskarsa, su suka kwashe sunan a Kano shi yana bayan labule. Ko ihun nan na “Yahoo” a Junglee na 1961, da ake jingina wa jarumin fim ɗin, Shammi Kapoor, ko Rafi, wani ne daban ya yi shi, Prayag Raj.

Kawu ya bi waƙar da baki har ta ƙare, sai ya ɗaga yatsa. “Ɗana, an yanke ta. Akwai baiti ɗaya kafin nan.” Na nemo fim ɗin, na auna. Gaskiyarsa: a fim baiti uku ne, a CD biyu.

Dalilin yana komawa ga faifan garmaho. Faifai mai inci 10 da ke juyawa sau 78 a minti ba ya ɗaukar fiye da minti uku da 'yan kai a kowace fuska, kuma Indiya ta ci gaba da buga irinsa har ƙarshen shekarun 1960, bayan Turai da Amurka sun daɗe da barinsa. Waƙar fim kuwa takan kai minti biyar. Don haka ko dai a datse baiti da kiɗan tsakiya, ko, kamar yadda aka fi yi a shekarun farko, a sake ɗaukar gajeriya musamman don faifai. Da aka zo buga manyan faya-fayai, da kaset, da CD, mafi yawanci daga wannan gajeriyar aka kwafa. Yankan da aka yi saboda ƙarancin wuri a 1960 yana nan a wayarka yau, alhali wurin ya wadata.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne ƙawalin Barsaat Ki Raat na 1960, kiɗan Roshan, wanda ya kai wajen minti 12 (ƙawali salon waƙa ne na tawaga, ana tafi ana amsa wa juna), da muryoyin Manna Dey da Asha Bhosle da Sudha Malhotra da S. D. Batish, Rafi bai shigo ba sai an yi nisa. Tilas aka raba shi biyu, “Na To Caravan Ki Talash Hai” da “Yeh Ishq Ishq Hai”. Wani tarin da ke hannuna kashi na biyu kaɗai ya ɗauko. Shigowar Rafi tana da daɗi ne saboda jiran da aka sa ka yi. In an cire jiran, an rage mata rabin ƙarfi.

Wannan ya sa na ƙara gida a littafi: ta faifai, ta fim. Duka biyun na asali ne. Amma Kano a silima ta haɗu da Rafi, ba a garmaho ba, don haka doguwar ita ce tamu.

25 Mayu 2024

CD uku sun iso daga wani mai sayarwa a intanet, ɗaya da murfi a fashe, wannan ba komai. Biyu daga jerin Golden Collection ne, sun shiga littafi lafiya. Na ukun an rubuta Revival a goshinsa.

Revival tsari ne da HMV ta fito da shi a shekarun 1990. Ana riƙe muryar mawaƙi ta asali, a kira makaɗa su sake buga kiɗan a ɗora, don tsohuwar waƙa mai fita ta kafa ɗaya ta koma sitiriyo. An yi aikin da ƙwarewa, kuma an rubuta a jiki, ba a ɓoye wa kowa ba. Sai dai ni bai kwanta mini ba. Kamar a ɗauko tsohuwar riga aska takwas ta aikin hannu ne a bi ta da aikin keke: daga nesa ta fi sheƙi, in ka matso ka ga zare biyu ba sa ga maciji. A zamanin Rafi mawaƙi da makaɗa lokaci guda ake ɗaukar su, suna jin juna, in ya ja baiti sai masu goge su jira shi. Sabon kiɗan kuwa bin sawu yake yi. Na saurari “Chaudhvin Ka Chand Ho”, wadda ta ba shi kyautar Filmfare, lambar yabon finafinan Hindi, ta farko daga cikin shida, a tsohon bugu da a wannan salo. A tsohon, kiɗan Ravi ja da baya yake yi ya bar wa murya fili. A sabon, kowa so yake a ji shi.

Ya tafi kwalin jhankar.

6 Yuli 2024

Ƙanina ya kawo mini memori daga wajen masu tura waƙa a waya, an rubuta Rafi a kan fayil ɗin, ya ce, “Yaya, an gama maka aiki.” Na zauna tacewa.

Rafi ya bar magada masu bin sawun muryarsa: Anwar, Shabbir Kumar, Mohammed Aziz. Waƙar aikin hajji ta Coolie na 1983, wadda mutanenmu ke ƙauna, Shabbir Kumar ne. “Mard Tangewala” ta Mard na 1985, Mohammed Aziz ne. Dukansu suna cikin memorin da sunan Rafi, wanda ya riga ya kwanta dama kafin a yi su. Amma shekarar fim kaɗai ba ta yanke hukunci, don akwai waɗanda ya ɗauka kafin rasuwa suka fito daga baya, irin “John Jani Janardhan” ta Naseeb na 1981.

Masu wuyar ganewa su ne na T-Series. Wannan kamfani na Gulshan Kumar ya yi amfani da wata ƙofa a dokar haƙƙin mallaka ta Indiya, wadda ta halatta a sake rera tsohuwar waƙa da sabon mawaƙi, ya cika kasuwa da kaset mai araha. Sonu Nigam da haka ya fara, da jerin Rafi Ki Yaadein a farkon shekarun 1990, kuma yaron ya iya. A kaset sunansa na jiki. Da aka juye zuwa memori sai sunan ya ɓace. Ni inda nake kama su shi ne wajen saukowa. Hawa sama kowa na ƙoƙartawa, amma yadda Rafi ke sauke murya ƙasa ta yi laushi ba tare da ta rasa nauyi ba, nan ake barin su a baya. Sai kuma kiɗan: in ka ji ya yi tsaf da yawa, ga ƙarar kibod a waƙar da aka ce ta 1964 ce, to ka san da lauje cikin naɗi.

Abin da ya tsira bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, kuma duk ina da su.

31 Yuli 2024

Shekara 44 da rasuwarsa. Abu na ƙarshe da ya ɗauka 'yan layuka ne na fim ɗin Aas Paas, kiɗan Laxmikant da Pyarelal, jim kaɗan kafin ciwon zuciya ya ɗauke shi yana da shekara 55. Ina da su a kaset mai tambarin HMV. Allah ya jiƙansa.

14 Satumba 2024

Na fara cike gidan “ta fim” daga tsofaffin kaset ɗin bidiyo da faya-fayan VCD, sai lissafi ya ƙi daidaita. Baitin da ke faifai da wanda ke bidiyo kalma ɗaya ne, kiɗa ɗaya, amma na bidiyo kullum yana riga ƙarewa, muryar kuma ta ɗan fi siranta.

Ga abin da ke faruwa. Fim ɗin silima yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa. Tsarin talabijin na PAL, wanda Indiya da Najeriya ke amfani da shi, 25 yake so. Hanya mafi sauƙi wajen juye fim zuwa bidiyo ita ce a ƙara masa gudu, kashi 4 cikin 100. Waƙar minti biyar sai ta rasa daƙiƙa 12, murya ta ɗaga sama kaɗan. Ke nan wanda ya san Rafi ta talabijin da bidiyon falo ya san shi da murya mafi tsini fiye da wadda Kawu ya ji a Plaza.

Gyaran ba wuya a kwamfuta. Ina juye sautin, in rage gudu da wannan lissafi, in gwada da na faifai har amon ya hau kan juna. Sautin bidiyo dai ba ya kai na faifai tsabta, ga maganar 'yan wasa da ƙarar doki ko ruwan sama a tsakiyar waƙa. Na bar su yadda suke. Ban yarda da ɗinke baitin fim a jikin na faifai ba, ko da yake na ga masu yi. In na yi haka na zama mai Revival nawa na kaina.

2 Nuwamba 2024

Faifan garmaho na farko ya shigo hannuna, na “O Duniya Ke Rakhwale” daga Baiju Bawra, ta hannun wani abokin harka da ya dawo daga Indiya da shi a naɗe cikin tawul a tsakiyar jaka. Yana da nauyi, ba ya lanƙwasa, in ya faɗi ya tashi aiki. Da wani irin ƙaro ake yin sa wanda wani ƙwaro ke fitarwa a jikin bishiya, kuma Indiya na cikin manyan masu samar da shi.

Abu biyu ga duk wanda ya ci karo da irinsa a kayan kakanni. Kada sifirit ya taɓa shi, narkar da fuskar yake yi. Ruwa da ɗan sabulu mai laushi da burushi sun isa, a shanya a inuwa. Na biyu, allurar faifan zamani ba tasa ba ce. Layinsa ya fi faɗi, siririyar allura nutsewa take yi har ƙasa ta kwaso ƙara. Tsohuwar allurar ƙarfe ta garmaho kuwa an yi ta ne a canza bayan kowace fuska, in an maimaita sai ta ci faifan.

Injina yana da gudun 78 amma ba ni da allurar, don haka faifan yana jira. Na dai duba lambar da ke jikinsa a hoton shafin Hindi Film Geet Kosh da abokin ya turo mini, kundin da Har Mandir Singh Hamraaz ya fara tattarawa, mai jera waƙoƙin kowane fim da mawaƙansu da lambar faifai. Ta dace.

24 Disamba 2024

Yau ce ranar. Littafin ya cika wajen kashi biyu cikin uku na abin da na shata. Shekarun 1960 sun kusa kammaluwa, musamman na masu tsara kiɗa Shankar da Jaikishan, da O. P. Nayyar, da Madan Mohan. Inda giɓi ya fi yawa shi ne 1970 zuwa 1976, lokacin da mawaƙi Kishore Kumar ya mamaye fage bayan fim ɗin Aradhana na 1969. Rafi bai daina waƙa ba a lokacin, amma masu haɗa tarin waƙoƙi tsallake shekarun suke yi, su dira a “Kya Hua Tera Wada” ta 1977 da ta ba shi kyautar ƙasa ta Indiya. Abin da ba a sake bugawa ba sai an koma faifan fim ɗin kansa, kuma nan kuɗin yake.

Wani zai ce wahalar me, ga komai a waya, ga akwatin Carvaan da Saregama ta fitar a 2017 da waƙa 5,000 a cikinsa. Ina amfani da su, sun sauƙaƙa gwaji ƙwarai. Amma rubuta sunan waƙa ɗaya a manhaja ka gani: ta asali, ta Revival, ta jhankar, wadda aka rage wa gudu don masu son barci, duk a jere da hoto iri ɗaya. A YouTube kuma yanzu har da waɗanda aka sa kwamfuta ta kwaikwayi muryarsa a waƙoƙin da aka yi bayan mutuwarsa. Ba tare da gidan minti da daƙiƙa a littafina ba, da ban san wadda zan taɓa ba.

18 Janairu 2025

Na buɗe sabon sashe na waƙoƙin da ya yi da mata, kuma tun shafin farko rigimar da ta shafi wannan harka kai tsaye ta taso. A farkon shekarun 1960 Lata Mangeshkar ta tsaya a kan cewa mawaƙi ya riƙa samun kaso daga cinikin faifai. Rafi ya ce shi in an biya shi kuɗin waƙa, magana ta ƙare. Suka yi shekaru ba sa waƙa tare. Idan aka dubi sau nawa aka sake sayar da waɗannan waƙoƙi, daga garmaho zuwa waya, ni a ganina Lata ce ta hango nesa.

Ga mai tara kaya, abin da rigimar ta bari shi ne ruɗani. A wannan tsakani Suman Kalyanpur ta samu waƙoƙi da yawa tare da shi, muryarta kuma tana kama da ta Lata sosai, har kaset ɗin kwafi sukan rubuta sunan Lata a kan nata. “Aajkal Tere Mere Pyar Ke Charche” ta Brahmachari na 1968 Suman ce, amma a kaset biyu daga kwalin Baba an ba Lata. Don haka kowace waƙa ta 1963 zuwa 1968 sai na bi ta da kundin Hamraaz kafin ta shiga littafi.

Allurar 78 tana hanya, mai sayarwa ya ce ƙarshen wata. Kafin nan zan gama da Suman, in shiga na Asha Bhosle, waɗanda suka fi na kowa yawa.